Yadda Ɗanasabe Ya Koya wa Alobera Fure

Duk wanda ya taɓa zama shan shayi a teburin Khamis, bakin kasuwar albasa ta Malanville, ya san muryar Ɗanasabe ko da bai san fuskarsa ba. Dillalin albasa ne, mai dogon wuya da hula a karkace, kuma a bakinsa babu abin da Allah ya halitta wanda bai iya ba. Shi ya taɓa gyara injin jirgin ruwa da cokali. Shi ya kwatanta wa wani direba hanyar Kwatano lungu-lungu, alhali bai taɓa wuce Kandi ba. Ba mugu ba ne, kowa ya shaida. In ka roƙe shi rigarsa zai tuɓe ya ba ka, sai dai ka shirya jin labarin rigar nan har ta tsufa a jikinka.

Matarsa Zulfa ba ta da yawan magana, don mijinta ya riga ya cinye rabon gidan. A ɗakinta, gindin taga, akwai wata tukunyar ƙasa da alobera a ciki, shukar nan mai kaurin ganye da ƙaya a gefe, wadda tsofaffi ke kira kabar giwa. Daga gidan mahaifiyarta a Madécali ta zo da ita ranar da aka kawo ta. Tsohuwar ce ta ɗora mata tukunyar a cinya ta ce, ranar da shukar ta yi fure, to ta karɓi gidan. Tsohuwa ta rasu, shekaru suka shuɗe, fure bai fito ba. Duk da haka Zulfa na goge ganyen nan da tsumma kamar mai goge fuskar jariri, kuma shi kaɗai ne abin da ya rage mata daga hannun uwarta.

Da sanyi ya shigo, ƙanwarta ta haihu a Gaya, ya kama Zulfa ta haye gulbi ta zauna mata. Ta ɗaure kayanta, ta tsaya bakin ƙofa.

"Maigida, ga tukunyata nan. Kak ka taɓa ta, kak ka ba ta ruwa. Taga ɗai za ka buɗe mata da sahe. In na komo akwai abin da za ni gwada maka."

"Mi na na? Hwaɗa min yanzu mana."

"In na hwaɗa maka, kahin in shiga jirgi kasuwa duk ta ji, baki shi kama min ita."

Ɗanasabe ya yi dariya ya ce ta tafi hankali kwance, ai ta bar wa mai ita.

Washegari a teburin shayi ya tarar da Sumaila, taubashinsa, manomin albasa da shinkafa daga Garou. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa an rabu ba a tsokani juna ba. Ana zancen dashe, Ɗanasabe ya tsoma baki yana gyara wa manoma sana'arsu.

Sumaila ya kurɓi shayi ya ce, "Kai Ɗanasabe, albasa cikin buhu ka san ta. Mi ka taɓa shukawa tun da anka haihe ka, ban da gardama?"

Aka kwashe da dariya. Ɗanasabe ya ji abin har cikin ƙashinsa. Ya zaro wayarsa, ya lalubo wani hoto da ya taɓa gani, na alobera da jan fure tsaye a kanta, ya ɗaga kowa ya gani.

"Kun ga wagga? Irinta na nan ɗakin iyalina. Shekara da shekaru ta ƙi hure, don ba ta samu gwani ba. Ranar da iyalina ta komo, ku taho gidana ku ga hure da idonku. In ba ta yi ba, na bar magana ga teburin ga har abada."

Khamis mai shayi ya ajiye butarsa, ya ɗaga hannu sama. "Allah amin. Allah ka sa ta ƙiya."

Ɗanasabe ya isa gida ya naɗe hannun riga, ya durƙusa gaban tukunya ya ƙura mata ido kamar boka. Nan take ya gano cutar. A gindin shukar akwai 'yan ƙanana da suka tsiro suka kewaye ta. A tsakiyar ganyen kuma ga wani siririn kara, koren-toka, mai tsinin kai, wanda bai yi kama da ganye ba ko kaɗan.

"Ashe! Ɓarayin abinci sun yi mata yawa. Ga 'ya'ya na tsotso, ga haki ya hau mata bisa kai."

Ya sa yatsa ya ƙarye karan nan ƙas. Ya tuttuge ƙananan, ya haɗa duka ya wurga ta bayan katanga.

Bayan katangar kuwa gidan Inna Marka ne, tsohuwa mai suyar kifi, wadda harshenta ya fi man kaskonta zafi. Kayan suka sauka tsakiyar farantin kifinta.

"Wane marar aikin yi na ka jihwa ta?"

Ɗanasabe ya leƙo ta kan katanga. "Inna, yi haƙuri, noman zamani nika yi."

"Noman zamani cikin kihina? Ɗan nan, Zulhwa ta san kana taɓa mata tukunya?"

"In ta komo ita za ta yi min godiya."

"Ko ta yi maka wanka da tahwasasshen ruwa," in ji Marka, tana tsince abin daga cikin kifi.

Da ya gama shara, sai maganar ruwa. Ɗanasabe ya yi tunani irin nasa: shinkafar Garou ba ta fitar da kai sai ta kwana cikin ruwa, to don me wannan za ta fitar da fure tana fama da ƙishirwa? Mata dai ba su san noma ba. Ya toshe ramin gindin tukunyar da tsumma, ya zaunar da ita cikin babban daron wankin Zulfa, ya kira mai ruwa ya ce a yi ta zubawa. Daro ya cika, ya ce a ƙara. Ashe daron na da ɓula a gefe. Ruwa ya bi ƙasa ya jiƙa tabarma, ya shiga ƙarƙashin gado, ya sami ramin ɓera a gindin bango ya ɓulla wancan gefe, daidai inda Marka ke jibge itacenta.

Da safe unguwa ta tashi da hayaƙin ɗanyen itace da muryar Marka.

"Ɗanasabe! Gulbin Kwara bai ishe ka ba sai ka gina wani cikin ɗakin matarka? Ka hwaɗa min in sayi taru in riƙa kamun kihina nan gida!"

"Inna, ban-ruwa na. Ke ba ki san ilimin ba."

"Na san ilimin wuta, kuma ta ƙi kamawa. Taho ka hura min da dogon bakin nan naka."

Haka ya durƙusa yana hura wa tsohuwa wuta, idanu jajur, yara masu zuwa sayen kifi na leƙensa. Da ya isa teburin Khamis aka tambaye shi jan idon, ya ce rashin barci ne na masu bincike.

Ba a daɗe ba ganyen alobera ya fara yin rawaya, ya yi laushi, ya sunkuya. Sauro suka mayar da ɗakin gidansu, har wani kwaɗo ya tare cikin daro. Ɗanasabe ya duba ya ce yunwa ce. Ya samo takin zamani wajen masu shinkafa, ya zuba mata cikin tafin hannu sau da yawa. Ya ga kamar bai isa ba, ya ƙara kashin kaji. Ya tuna wani ya ce kan kifi na sa mangwaro 'ya'ya, ya je ya roƙi Marka kawunan kifi.

"Miya za ka yi?"

"Shuka za ni ba."

Marka ta daɗe tana kallonsa, sannan ta cika masa kwano. "Ungo. Ina son in ga ƙarshen abin ga da raina."

Kawunan kifi suka kwana cikin ruwa da taki a rufaffen ɗaki. Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa. Ƙudaje suka yi wa ƙofa baƙi. Masu wucewa suka riƙa toshe hanci suna sauri, maƙwabta suka yi ta ɗaga katifu suna neman mushen ɓera. Kyanwoyin unguwa kaf suka hau katanga suka zauna jeri suna jiran a buɗe. Wani dattijo da ya zo wucewa zuwa masallaci ya tsaya ya tambaya a hankali ko lafiya, an ga matar gidan kwanan nan kuwa?

A kasuwa kuwa bakin Ɗanasabe bai rage komai ba.

"Ina labarin hure?" in ji Sumaila.

"Yana tahe. Yanzu haka tana naƙuda."

"Mun ji warin naƙudar har Garou."

"Hassada dai. Ka shirya idonka."

A zuci fa hankalinsa ya soma tashi, don Zulfa ta aiko cewa ta kusa dawowa. Ya zauna ya dafe kai, sai dabara ta faɗo masa, wadda shi da kansa ya yi mamakin kaifinta. Shukar nan tun da take ba ta taɓa ganin fure ba. A ɗaki ta girma, tsakanin gado da kwanuka. Yaya za ta yi abin da ba ta taɓa gani ba? Lokacin kuwa albasar iri ta yi fure fari fat a fadamar Garou. Sai a kai ta ta gani da idonta.

Ya tare mai kabu-kabu, ya hau baya rungume da tukunya. Tun kafin su bar gari ƙayar ganyen ta fara sukar direba a gadon baya, ruwan kifi na tsiyaya cikin wandonsa. Ga kyanwa biyu na bin su a guje.

"Malam, mi ka ɗauko haka? Gawa ta?"

"Marar lahiya ta. Tahi sannu, kak ka girgiza ta."

"In ta sake sukata, ku duka biyu za ni zubar cikin rami."

Sumaila na cikin gona ya hango su. Ya jingina da fartanya ya ga taubashinsa ya dire tukunya a kan kunya, ya juya ta tana fuskantar furen albasa, ya tsuguna kusa da ita yana nuni da yatsa.

"Dibi nan. Kin gani? Haka aka yi. Kara shi hito, kai shi buɗe. Mi na na mai wuya ciki?"

Sumaila ya yi dariya har ya zauna cikin laka. Manoman da ke kusa suka bar aiki suka taho kallo. Wata mai tallan fura ta ce a kai ta makaranta mana, ko ta fi ganewa.

Ɗanasabe bai kula su ba. Ya tambayi Sumaila, cikin isa, su yaya suke sa albasa ta yi fure.

"Kan albasa muka yankewa, mu bizne gindin, sai ta tohu ta yi kara. Amma albasa fa nic ce, Ɗanasabe. Albasa."

Kalmar ƙarshen nan ba ta shiga kunnensa ba. Yana isa gida ya wasa wuƙa, ya fille wa alobera kai. Ya zauna jiran toho.

Toho bai zo ba. Abin da ya rage a tukunya ya yi baƙi, ya narke, ya koma kamar dafaffiyar kuɓewa. Ranar da Zulfa ta ce ga ta nan tafe, Ɗanasabe ya leƙa tukunya, gumi ya keto masa cikin sanyin nan. Ya tuna teburin Khamis, ya tuna dariyar Sumaila. Abin kunya, bai tuna Zulfa ba sai daga baya. Ya hau kabu-kabu ya nufi Garou da sassafe, ya faki ido ya tsinko furen albasa mafi girma a gonar taubashinsa. Ya dawo ya kwashe kawunan kifi, ya tattara yankakkun ganyen ya kakkafa su da tsinken tsintsiya, ya soke furen a tsakiya. Da ya tuna na hoton ja ne, ya jiƙa jan garin lemo ya yayyafa masa. Ya turara ɗakin da turaren Zulfa har ya ƙare. Ya ja baya ya duba, ya ji ya burge kansa.

La'asar na yi mutanen teburin shayi suka iso, Khamis a gaba, Sumaila na biye, ga Marka ta zagayo da zanenta a kafaɗa ba wanda ya gayyace ta. Ɗanasabe ya sa babbar riga. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce a shiga da bismilla, kuma kada kowa ya matsa kusa, furen ba ya son numfashin mutane. Ya yaye labule.

Aka zuba wa tukunya ido. Khamis ya karkata kai.

"Ikon Allah. Amma na hoton dogo na, wanga ko dunƙule shike."

"Irin na ƙasashen waje ke nan. Wanga na gida na."

Sumaila ya shaƙi iska, ya matso duk da hani, ya sunkuya ya shinshina. Ya ɗago a hankali.

"Ɗanasabe, ni da wanga huren mun san juna. Jiya da marece na ba shi ruwa."

"Ƙarya kake! Kamanni na kawai. Ba gonarka ta gani ba? Abin da ta gani shi ta kwaikwaya."

"Har da warin albasa ta kwaikwaya?"

"Tana da basira."

Marka ta lakaci jan da ke ɗiga a ganye ta ɗanɗana. "Har da sukari. Wagga shuka ta hi ni iya talla."

Ɗakin ya ɗauki dariya, wasu na dafa bango. Ɗanasabe ya buɗe baki zai kawo wata hujja, sai aka ji sallama a tsakar gida. Zulfa ce, da ƙunshin kaya a ka. Mutane suka dare mata hanya.

Ba ta dubi kowa ba. Ta sauke kaya, ta durƙusa gaban tukunya, ta sa yatsa ta taɓa ganye ɗaya. Tsinken tsintsiya ya zame. Ganyen ya faɗi, na kusa da shi ya bi shi, furen albasa ya yi tangaɗi ya kifa cikin baƙin ruwa. Dariya ta ɗauke kamar an yanka ta.

"Maigida," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa, "akwai wani kara da na bari nan tsakiya. Siriri, mai tsinin kai. Ina shi?"

Ko a nan Ɗanasabe bai gane ba. Har ya ɗan gyara tsayuwa, don ya samu abu ɗaya da ya tabbata ya yi daidai.

"Hakin nan? Ai tun ranar da kika tahi na ƙarye shi. Shi na ka shanye mata abinci."

"Shi na huren," in ji Zulfa. "Shi nic ce za ni gwada maka. Da ka buɗe taga kawai, da yau ya buɗe."

Sumaila ya kai hannu baki don ya danne dariya, amma da ya ga fuskar Zulfa sai ya sauke hannun. Hawaye ne ke bin kumatunta, ba kuka mai sauti ba. Shekaru tana jiran abin da uwarta ta faɗa, ya zo har bakin taga, mijinta ya ƙarye shi da yatsa biyu. Ɗanasabe ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, da baƙin ciki na gaske, ya ji da ma ƙasa ta tsage. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Baƙi suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Marka ma ta fita. Jim kaɗan ta dawo riƙe da tsohon gwangwanin tumatir cike da rairayi. A ciki ga 'yan alobera uku, kore shar, tsaye ƙyam.

"Share hawayenki, ɗiyata. Ga jikokin tsohuwarki. Cikin kihina sunka hwaɗo, na tura su cikin ƙasa na mance da su. Ko ruwa ban ba su ba, don mijinki ya jiƙa min gida da wanda ya isa."

Zulfa ta karɓi gwangwanin da hannu biyu ta rungume. Ta daɗe tana kallonsu kafin ta ɗago.

"Sai yaushe za su yi hure?" Ɗanasabe ya tambaya da 'yar murya.

"Shekaru," in ji Zulfa. "Kuma kana da aiki cikin abin. Taga za ka buɗe da sahe. In ka buɗe, ka maida hannunka baya."

Alkawarin barin magana a teburin shayi kuwa, ya cika shi daidai lokacin da shayinsa ya ɗauka kafin ya huce. Daga nan ya soma ba da labarin yadda ya yi dashen alobera ta kan katanga, ba tare da ya ko duba inda za ta faɗa ba, kuma duka ukun suka kama. Khamis ya ce shi dai addu'arsa ba ta karɓu ba.

Amma a gida an ga canji. Kullum safe zai buɗe taga, ya tsaya gaban gwangwani hannu a baya, yana leƙe kamar mai gadin abin da ba nasa ba. Wata safiya Zulfa ta shigo da tsintsiya ta same shi tsugune, da moɗa cike da ruwa a hannu, ya karkata ta saura kaɗan.

"Maigida."

Ɗanasabe ya dubi moɗa, ya dubi 'yan shukar, ya dubi matarsa. Ya kafa kai ya shanye ruwan tas, ya goge baki.

"Ƙishirwa nika ji," in ji shi.